Wuƙar Baba a Ruwan Tsami

A gidan da na tashi a unguwar Sabo ta Ibadan, bayan gida ne wurin hira. Ɗakuna a jere suke, wannan na kallon wancan, kowane ɗaki da iyalinsa. In ka bi lungun tsakiya har ƙarshe sai ka fito wani ɗan fili mai rumfar kwano, nan murhun Inna yake. Inna kakarmu ce, ita ta haifi Baba. Koko take damawa na sayarwa, don haka gefen murhun ba ya rabuwa da gero a jiƙe da gasara a kwance cikin roba, ga warin tsami da ya kama bango har ya zame mana ƙamshin gida. In an idar da magariba aka ci tuwo, sai mu zagaye ta, ni da ƙanwata Rabi da duk yaran da iyayensu ba su kira ba. Wutar lantarki ba ma sa ta a lissafi. Hasken murhu ne, sai sauro, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya ta ce, “Baƙuwa ce a ƙofa.”

Mu ce, “A shigo da ita.”

“Ƙafarta duk taɓo.”

“Ta shigo haka nan!”

Ni kuwa angonta ne, kamar yadda kowane jika yake ga kakarsa. Ba ta kirana Sale. “Kai angona, matsa can, ka tare min hayaƙi. Miji ba ya kawo cefane, sai ƙaton ciki.” In ce mata ai tun jiya na sake ta. Ta ce to ta gode Allah, dama wani mai goro yana jiranta a bakin masallaci.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekararta ta farko a wurinmu. Kakanmu ya rasu, Baba ya je ƙauyenmu na ƙasar Katsina ya ɗauko ta. Ba ta so ba. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Ibadan ba, Badun take cewa, kuma da ɗan yatsine.

Baba mahauci ne, yana da tebur a kasuwar Bodija. Da damina ta kankama wani zazzaɓi mai naci ya kwantar da shi. A yi asibiti, a yi jiƙe-jiƙe, ya ɗan tashi, ya koma. Mutumin da ke saɓa cinyar sa a kafaɗa ya zama sai an riƙe shi ya je banɗaki. A cikin wannan hidimar Inna ta ga wuƙarsa ta aiki rataye a ƙusa, tsirara, yara suna gilmawa. Wuƙar ta mijinta ce tun asali, shi ya ba Baba ranar da zai taho kudu. Sai ta sauke ta, ta wanke ta tas da ruwa, ta zura ta cikin kubenta na fata, ta naɗe da tsohon zane, ta tura ƙarƙashin gadonta a kan siminti. A garinsu haka ake adana wuƙa. Can sai ta shekara a kube ka zaro ta tana walƙiya. Babu wanda ya gaya wa Inna cewa a nan ko takalmi ka ajiye ƙarƙashin gado sai ya yi furfura, kuma fata tana shan danshi ta riƙe. Shi ya sa Baba yake barin wuƙar a fili da ɗan mai a jikinta.

Allah ya sa ya warke, amma warkewar ta tsaya a jiki. Ya daina fita sai masallaci. Ana haka sarkin fawa ya aiko masa da mutum. Saƙon ba shi da tsawo: an riƙe masa teburinsa duk tsawon ciwon, an ba wani aro, amma masu nema sun yi yawa. In bai bayyana ranar Asabar da wuƙarsa ba, za a bar wa wancan. Tebur a kasuwar nan in ya fita hannunka ba ya dawowa. Kuma da shi muke ci. Mama, mahaifiyata, har ta fara zancen in abin ya gagara sai dai a tattara a koma arewa, garin da ni ban taɓa takawa ba.

Baba ya ce a kawo wuƙarsa. Inna ta jawo ƙullin ta ba ni, na kai masa. Ya ja, ta ƙi fitowa. Ya dafe kuben da gwiwa ya fizga. Abin da ya fito ba za ka ce wuƙa ba ce. Ja jawur, kamar an tono ta daga kwata, tsatsa har tana zuba masa a cinya. Ya daɗe yana kallonta.

“Shi ke nan,” ya ce. “Ni da ita mun gama.”

Mama ta ce, “Haba Malam, wuƙa ce fa. Ga su nan a kasuwa, a sayo wata mana.”

“Ke kina ganin wuƙa ce ba ni da ita? Hannun ne babu.”

Ya wurgo ta tsakar gida, ya saki labule. Abokansa sun zo, liman ɗin lungunmu ma ya zo. Kowa ya yi masa nasiha mai kyau, da aya da hadisi. Ya ce musu to, ya ce ya gode. Suna fita ya juya fuska bango.

Za ka ce me ya hana uwarsa ta shiga ta yi masa faɗa. To Baba ɗan fari ne. Inna irin matan da ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta yi masa magana baki da baki. In tana son ya ji abu sai ta gaya wa ɗayanmu a gabansa: “Gaya wa mutumin nan abincinsa yana hucewa.” Tun da ta haife shi haka suke. Ba za ta karya wannan don tebur ba, ko da teburin na zinariya ne.

Ita ta tsinci wuƙar. Ta juya ta gaba da baya. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa faɗa ba har abada. Abin da ta ce shi ne, “Wane irin gari ne wannan, iskarsa ma a jiƙe take.”

Ranar Alhamis da magariba muka fito muka tarar ta ɗauke kujerarta daga inda take zama, ta kai ta can gefe, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Baba. Ta samo wani dogon gwangwani, ta tsiyaye masa ruwan da ke kwanciya a kan gasara, wanda ya kwana biyu ya yi tsami sosai, irin wanda kullum take sa ni in zubar a kwata. Ta tsoma wuƙar a tsaye, ƙarfen duka a ciki, ƙotar a waje don kada itacen ya kumbura. Sannan ta ƙwanƙwasa ludayi. Muryarta a ranar ta fi ta kullum ƙarfi.

Ta ce a wani gari an yi wani mahauci mai farar wuƙa, in ya ɗaga ta mata suna gyara kallabi a jikinta. Wata rana Damina ta zo garin baƙunta, ta ga wuƙar, ta yi sha'awa, ta ce a ba ta. Mahauci ya ce ko da wasa. Damina ba ta yi gardama ba. Ta jira har ciwo ya kwantar da shi, ta lallaɓa ta yafa wa wuƙar jan zane, ta ɗaure tamau. Da mahauci ya tashi ya shiga neman wuƙarsa, ga ta a gabansa amma bai gane ta ba. Wuƙa ta shiga yi masa waƙa. Inna ta maƙe murya ta rera:

“Maigida ni ce, ni ce,
Jan zanen ba nawa ba ne,
Ƙarfen yana nan a ciki.”

Mahauci ya ce tawa fara ce, ya yi ƙwallo da ita. Wata tsohuwa mai koko ta tsince ta.

Na ce, “Inna, ke ce ke nan.”

“Ni tsohuwa ce? Waccan tsohuwar ba ta da haƙori ko ɗaya. Yi min shiru.”

Tsohuwa ta kai wuƙa wurin Wuta. Wuta ta ce zan cire zanen, amma zan haɗa da taurinta, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Ta kai wurin Kogi. Kogi ya ce Damina uwata ce, ba na kwance abin da ta ɗaura. Tsohuwa ta dawo gida ta zauna ta rasa na yi. Sai ta ji wata murya daga bayan ɗaki. Ruwan Tsami ne, wanda kullum ake watsarwa ba a ko dubansa. Ya ce, ba ni ita ta kwana a wurina.

Nan Inna ta tsaya. Ta rufe gwangwanin da tsumma.

“Sai me, Inna?”

“Sai ta kwana mana. Ku ma ku je ku kwana.”

Muka yi ta magiya, ta kore mu da mafici. Tagar da ke saman kanta a rufe take, amma katakon yana da tsaga, kuma ba mu ji minsharin Baba ba.

Ranar Juma'a da la'asar ta aike ni wurin Iya Tawa, Bayarabiyar da ke bayan katangarmu, mai bishiyar lemun tsami. Inna ba ta jin Yarabanci, Iya Tawa ba ta jin Hausa, amma kullum sai sun yi hira ta kan katanga kowa da yarensa. Da na ce wuƙa za a wanke, Iya Tawa ta cika min riga da lemu, ta ƙara min da busasshen ɓawon kwakwa, ta yi min nuni da hannu cewa da shi ake gogewa. “Oya, oya,” ta ce, wato maza-maza, ta tura ni.

Da magariba yaran da suka taru sun fi na jiya. Inna ta zaro wuƙar. Ruwan ya koma baƙi-baƙi, tsatsar ta yi laushi kamar laka. Ta sa tsumma ta share daga bayan wuƙar zuwa bakinta, sai ga jan abu yana bin tsumman. Ba duka ya fita ba. Ta ci gaba da labari, hannunta na aiki.

Ta ce da gari ya waye Ruwan Tsami ya ce, na kwance ƙullin, amma zanen ya manne, ki nemo min 'yan'uwana. Lemun Tsami ya zo ya ce ni ina da zafi amma ba ni da haƙora. Gishiri ya ce ni ina da haƙora amma ba ni da miyau. Tsohuwa ta ce to ku yi aure. Inna ta raba lemu biyu, ta dangwala a gishiri, ta shiga murza ƙarfen. In ɓarin ya mutu ta yar, ta ɗauki wani. Rabi ta ɗauki ɗaya daga waɗanda aka yar ta lasa, ta yi ta tofar da miyau, muka yi ta dariya. Can sai Toka ta zo, ta ce ni 'yar Wuta ce amma ban gaji halin uwata ba. Inna ta ɗebi toka mai sanyi daga gefen murhu, ta yayyafa ruwa, ta dangwala ɓawon kwakwa, ta yi ta dirza har gumi ya keto mata. Ta ɗauraye. Ta ɗaga wuƙar saitin wuta.

Wallahi har yau ina jin ihun da muka yi. Ƙarfe fari, harshen wuta yana rawa a jikinsa. Wani yaro ya ce Inna tana da aljanu. Sai dai kusa da ƙota akwai wasu 'yan ɗigo baƙaƙe da suka ƙi fita.

Rabi ta ce, “Inna, ta yi zanzana.”

Inna ta ɗaga murya. “To sai me? Ta yi ciwo ne ta tashi. Zanen fuska ake yanka da shi ko baki?”

Ta goge ta da busasshen tsumma, ta ɗan gasa ta nesa da wuta har danshin ya tafi, ta shafe ta da man gyaɗa. Daga cikin ɗaki muka ji tari sau ɗaya. Taga ba ta buɗe ba. Gobe Asabar.

Inna ta dubi tagar. Sannan ta ce da ni, “Angona, turo min dutsen can.” Dutsen markaɗen tattasai take nufi, na Mama. Na gangaro da shi.

“Sai tsohuwa ta ce, to zane ya fita, saura kaifi. Tunda mai ita ya ce ba tasa ba ce, ni zan wasa abata.”

Ta kafa bakin wuƙar a tsaye cur a kan dutsen, ta danna da hannu biyu, ta shiga ja da turawa kamar mai yanka itace da zarto. Ƙirrr. Ƙirrr. Haƙorana suka mutu. Ni ɗan mahauci ne, ko a lokacin na san wuƙa kwantar da ita ake yi a kan dutse. Mama ta leƙo daga lungu ta dafe baki.

Na ce, “Inna, ba haka ake yi ba!”

“Rufe min baki, angon banza. A tatsuniyata haka ake yi.”

Ƙirrr. Ƙirrr. Ta ƙara dannawa. Tana yi tana rera waƙar wuƙa, maigida ni ce, ni ce.

Sai muka ji ƙofa ta bugu. Sai ga Baba ya fito daga lungu, daga shi sai singileti da zane, ba takalmi, yana dafa bango.

“Inna! Don Allah, don Annabi! Za ki kashe mata baki!”

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba. “Gaya wa mutumin nan ba a koya min aiki. Tsintuwa na yi a tsakar gida.”

Ta sake kafa wuƙar. Baba ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya karɓe ta a hankali, yadda ake karɓe jariri daga hannun yaro. Ya kai bakin wuƙar kusa da wuta ya duba, ya ja tsaki.

“Sale, dutsena yana bayan ƙofa. Haɗo da ruwa a buta.”

Na ruga na kawo. Ya tsuguna nan gaban murhu, cikin yara, abin da bai taɓa yi ba. Ya jiƙa dutsen, ya kwantar da wuƙar, ya ja ta tun daga gindi har tsini. Da farko wuƙar ta yi ta zame masa, na gani, kowa ya gani. Ya tsaya ya share gumi. Ya sake ja. Ya juya ta. Sannu a hankali ƙarar ta daidaita, shuu, shuu, irin wadda muka saba tashi da ita da asuba, wadda muka daɗe ba mu ji ba. Da ya gama ya ɗora ta a damtsensa ya ja kaɗan, gashi ya zubo.

“Tsatsar ba ta ci ƙarfen ba,” ya ce, ba da kowa yake ba. “A sama ta tsaya.”

Rabi ta ja zanen Inna. “To yaya aka ƙare? Mahaucin ya gane ta?”

Inna tana kwashe ɓawon lemu ta ce, “Ni na sani? Ga shi nan, ku tambaye shi.”

Washegari daga sallar asuba Baba bai dawo ɗaki ba. Sai bayan azahar muka hango shi ya sauko daga mota a bakin titi, yana tafiya kamar ƙafafun ba nasa ba, rigarsa duk jini, da ƙunshi a hannu. Na ruga na tare shi ina tsalle, Rabi tana bayana. Mama ta rangaɗa guɗa a tsakar gida sai ka ce biki, har Iya Tawa ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Baba ya wuce kowa, ya je ya ajiye ƙunshin a gaban Inna. Hanta ce, mai kyau. Ita kuma ta buɗe ta duba, ta ce da ni, “Naman Badun ba ya da ɗanɗano.” Ta gasa abarta ta cinye, ko yanki ba ta ba angonta ba. Teburin nan bai bar hannun Baba ba har tsufa ya zaunar da shi, sannan ya dawo hannuna.

Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan na tsatsa ne. Kuma gaskiya ya yi min amfani, don har gobe in ƙarfe ya yi ja a gidana ba na yar da shi, tsami da gishiri da toka ne, sai mai. Sai da na fara furfura, gwiwa ta fara ƙara in zan tashi, na ga mazaje da yawa a Sabo sun zauna irin zaman da Baba ya yi, sannan na gane ba mu ake yi wa tatsuniyar ba. Mu kujeru ne kawai. Na kuma gane cewa mutumin da zuciyarsa ta mutu ba ya jin nasiha. Duk abin da za ka gaya masa ya riga ka sani, shi ya sa yake cewa to. Amma akwai abu ɗaya da ba ya mutuwa a jikin mai sana'a: ba zai iya zama yana kallo ana wulaƙanta aikinsa ba.

Bara matar maƙwabcina Garba tela ta rasu. Ya rufe shago, keken ɗinkinsa ya yi ƙura, yaransa suna cin abinci a gidajen mutane. An yi masa wa'azi har masu wa'azin sun gaji. Ni ban iya wa'azi ba, kuma na gaji da ganinsa a kan benci yana kallon ƙasa. Wata rana da yamma na ɗauko wandona na Juma'a da ya ɓarke a tsakiya, na ɗauko basilla da zaren ɗinkin buhu, na je na zauna kusa da shi. Na yi masa sallama, ya amsa da ƙyar. Na tattaro yadin na cusa basilla, na ja, wandon ya tattare kamar bakin jaka. Na sake cusawa. Ina jin idonsa a hannuna. Na yi na uku, har da ciza leɓe.

“Sale,” ya ce. “Wando kake ɗinkawa ko tumbin sa?”

“Ina ruwanka? Nawa ne.”

Ya fizge shi daga hannuna, ya ɗaga yana dubawa, ya zage ni tas, ni da duk mahautan Bodija. Sannan ya miƙe ya shiga lalube aljihu yana neman makullin shago.